Ina Mace Za Ta Kai Kukanta?



Tun da aka buɗe wannan fili wasiƙu ba su yanke mana ba, amma akwai wani iri daga cikinsu da ba ku taɓa gani a shafin nan ba, ba kuwa za ku gani ba. Su ne waɗanda mai rubutun za ta cika takarda uku ko huɗu gaba da baya, ta zayyana abin da ke tsakaninta da maigida, ko abokiyar zama, ko uwar miji, sa'an nan can a ƙarshe ta ce don Allah don Annabi kada a buga, kada kuma a aiko mata da amsa, domin in amsar ta faɗa hannun wani a gidan ta shiga uku. Watau ba shawara take nema ba. Cikinta ne ya cika, ta rasa inda za ta juye.

A cikin watan nan mun sami wata wadda ta bambanta da sauran, domin mai ita ta yarda a yi magana a kanta muddin ba a ambaci sunanta ko garinsu ba. Matar aure ce, wata huɗu ke nan da ta haifi ɗanta na uku. Ta ce mijinta ba ya dukanta, ba ya zaginta, bai rage ta da ci ko sutura ba. Amma tun da aka watse daga taron suna barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga, in jaririn ya yi kuka sai ta ji kamar ɗan wata ne aka ba ta riƙo, ta zauna a bakin gado ta yi ta hawaye ba ta san dalili ba. Ta faɗa wa mahaifiyarta, aka ce ta gode wa Allah, wasu na can suna neman haihuwar ido rufe. Ta faɗa wa maigida, ya tambaye ta me aka rage ta da shi. Daga nan ta kama bakinta, ta sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kullum dare tana cika shafi. Yanzu wata ƙawarta ta ce ta rubuta labarin a waya ta watsa wa jama'a ba tare da suna ba, za ta ga masu ba da shawara har sai ta ture. Wata kuma ta ce ta je ta ga likita. Ita dai ta ce ba mahaukaciya ba ce, saboda haka take tambayarmu wanne za ta ɗauka.

To, wannan tambaya ba tata ce ita kaɗai ba, shi ya sa muka ga ya dace mu ba ta filin yau baki ɗaya.

Kafin a kai ga amsa, ya kamata mu tambayi kanmu yadda aka yi mace mai uwa da miji da dangi ta rasa mai saurarenta sai takarda. An tashe mu a kan kunya da kawaici, an ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma duk amaryar da za a kai ɗaki abin da ake cika mata kunne da shi shi ne haƙuri. Ba mu da ja a kan wannan, haƙuri ya riƙe gidaje da yawa da yanzu da sun watse. Amma akwai haƙurin da ake ba mutum bayan an saurare shi, akwai kuma wanda ake jefa masa don ya yi shiru. Na biyun nan shi ne ya yi yawa a gidajenmu. Mace ba ta gama buɗe baki ba an ce mata yi haƙuri, kowa haka yake zaune. Ta koma da kayanta yadda ta zo da su, har da ƙarin kunyar ta yi magana.

Iyayenmu da kakanninmu su ma an ce musu su yi haƙuri, amma su suna da mafita. Duk wadda ta karanta labarin Baba 'yar Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, za ta ga yadda mace a da take kewaye da ƙawa ta amana, da yaya da ƙanwar rana, da gwaggo da inna a kusa. Ana daka tare, ana kaɗi tare, ana zaman kitso na rabin yini. A wurin kitson nan kaɗai an sauke kaya masu nauyi. Ba mu ce zamanin ba shi da nasa tsegumin ba, da ma inda mata suka taru magana takan fita. Sai dai yarinyar yau an ɗauke ta daga garinsu an kai ta ciki da falo a gidan haya a wani birni, maigida ya fita da asuba sai dare, maƙwabta ba ta san su ba, uwa sai a waya, ita ma da an gaisa sai a ce kuɗin kira ya ƙare. Wannan yarinya in ta ɗauki biro ba ta yi laifi ba.

Rubuta damuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta yi rashin ɗan'uwanta Muhammadu Bello, da mijinta Gidado, da aminiyarta A'isha, alƙalami ta ɗauka ta yi musu marsiyya. A can ƙasar Holan kuwa wata yarinya Bayahudiya, Anne Frank, an ba ta littafin rubutu kyauta ranar da ta cika shekara 13 a watan Yuni 1942. Ba a daɗe ba ita da iyayenta suka shiga ɓuya a wani gida a Amsterdam saboda sojojin Hitila, suka yi shekara biyu ba fita. Littafin nan ta mayar ƙawarta, har suna ta sa wa wadda take rubuta wa. Ta rasu a sansanin fursuna a 1945, mahaifinta ya buga littafin a 1947. Abin lura a nan, sai da uban ya cire wasu wurare, ciki har da maganganu masu zafi da ta yi a kan mahaifiyarta. Abin da yarinya ta rubuta don kanta cikin fushi daban, abin da ya dace duniya ta gani daban.

Masana ma sun gwada abin. A wani bincike da aka buga a 1986, wani malamin jami'a a jihar Texas ta Amurka, James Pennebaker, ya tara ɗalibai 46 ya sa su rubutu na minti 15 kullum har kwana huɗu a jere. Wasu ya ce su rubuta abin da ya fi ƙona musu rai a rayuwa da yadda suka ji, wasu kuma su rubuta abubuwan da ba su taka kara sun karya ba. Waɗanda suka rubuta baƙin cikinsu sun tashi daga teburin ransu a ɓace, amma a watannin da suka biyo baya sun fi sauran ƙarancin zuwa asibitin makaranta. An maimaita irin wannan gwaji sau da yawa a ƙasashe dabam-dabam, aka ga amfanin yana nan, ko da yake bai kai yadda aka zata da farko ba. Sai kuma ya gano wani abu da muke so mai wasiƙarmu ta riƙe. Waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda labarinsu ya riƙa canzawa daga rana zuwa rana, suka fara da kuka suka ƙare da gane dalili. Wanda ya yi ta maimaita abu ɗaya da kalmomi ɗaya bai samu wani sauƙi ba.

Saboda haka ga gwaji mai sauƙi. Ki buɗe littafinki ki karanta shafin farko, sa'an nan ki karanta na daren jiya. In kin ga kin matsa, abin da ya hana ki barci watan jiya yanzu kin san kansa, to ci gaba, littafin yana yi miki aiki. In kuwa kin ga shafin jiya da na wata uku da suka wuce kamar an kwafe, to rubutun ya zama turmin da ake daka ruwa. Takarda tana da kirki, ba ta katse ki, ba ta ce miki kowa haka yake zaune, ba ta kai gulmarki gidan biki. Amma ba ta tambaya. Duk abin da kika faɗa mata ta yarda, ko da kin ce ke ce kika fi kowa rashin amfani a duniya. Mai ciwon damuwa kuwa babbar matsalarta ke nan, zuciyarta tana gaya mata ƙarya a kan kanta, tana bukatar wanda zai tsayar da ita ya ce a'a, tsaya mu duba.

'Yan makaranta, ku ma wannan ya shafe ku. Muna goyon bayan kowace yarinya ta sami littafinta da take rubuta abin da ke ranta, ko ba komai hannunta zai faɗa da rubutu. Iyaye mata da malamai kuma don Allah a daina abin nan da ake yi, a binciki akwatin yarinya a ɗauko littafinta a karanta a gaban ƙannenta ko a gaban aji ana dariya. Wadda aka yi wa haka ba za ta daina damuwa ba, za ta daina faɗa ne kawai, kuma ranar da babban abu ya same ta ke uwar ce ta ƙarshen ji. Amma ku ma 'yan mata ku lura da wata ɗabi'a. Wata malamar jami'a a Amurka, Amanda Rose, ta yi nazari a 2002 a kan ƙawayen da kullum hirarsu ita ce jujjuya damuwa ɗaya, yau ita gobe ita, ba a neman mafita. Ta ga abin ya fi yawa a tsakanin 'yan mata, yana ƙara musu shaƙuwa ƙwarai, amma yana tafe da ƙarin fargaba da ƙunci. Ku biyu a kan gado ɗaya a ɗakin kwana kuna kuka har ƙarfe ɗayan dare, ƙawance ya yi ƙarfi, amma babu wadda ta fitar da wata daga rami.

Sai batun watsa wa jama'a, wanda shi ne yayin yanzu, ko a waya ko a shirye-shiryen rediyo da ake karanta matsalolin aure. Ba za mu ce ba shi da amfani sam ba, don mu ma da wasiƙun jama'a muke aiki. Mace ta ji wata ta faɗi irin abin da ke damunta, ta san ashe ba ita kaɗai ba ce, wannan ba ƙaramin sanyi ba ne. Akwai kuma matan da ake zalunta a ɓoye, ana dukansu ko an hana su abinci, waɗanda ba a tashi taimakonsu ba sai da maganar ta fita. Irin waɗannan ba ma ce musu su yi shiru, ko da yake su ma mun fi so su fara da waliyyansu da hukuma da kotu, inda za a iya ƙwatar musu haƙƙi.

Amma yawancin abin da ake watsawa ba wannan ba ne. Fushin dare ɗaya ne, wanda da an bari gari ya waye da ya huce. Magana kuwa zarar bunu ce. An ce ba a sa suna ba, to amma kin faɗi shekarun aurenku, kin faɗi yawan 'ya'yanku, kin ce maigida ɗan kasuwa ne mai mata biyu, kin faɗi abin da uwar mijin ta ce ranar Salla. Ƙanwar mijin da ta karanta ba ta bukatar suna. Wata ta ɗauki hoton rubutun ta tura wa wata, kafin la'asar ya isa gidan surukai. Ku kun shirya bayan kwana uku, kun ci kun sha, amma rubutun yana nan, ba ya tsufa, wata rana ɗiyarki za ta iya cin karo da shi.

Su kuma masu ba da shawarar su wane ne? Mutum ɗari da ba su san ki ba, ba su ji ta bakin mijin ba, alhali in ɓera da sata daddawa ma da wari. Wannan ta ce fita ki bar masa gidansa, waccan ta ce ke ce mai laifi ba ki iya kwalliya ba, wani ƙato da ba a tambaye shi ba ya yi miki wa'azin wuta, mai sayar da kayan mata ta ce ki neme ta a gefe, mai malamin tsibbu ta ce an yi miki sammu ne. Wadda ta ce ki fita ba za ta ciyar da 'ya'yanki ba. Gobe wata za ta kawo labarin da ya fi naki muni, taron ya watse ya koma can. Akwai ma wata illa da ba a cika lura da ita ba: taro labari mai zafi yake so, saboda haka mai ba da labarin takan ƙara gishiri ba ta sani ba, har ita kanta ta dawo tana ganin gidanta ya fi yadda yake lalacewa.

Addininmu bai hana mace kai ƙara ba. Khaula 'yar Sa'alaba ta je ta kai kukan abin da mijinta ya yi mata wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, har sura ta 58 ta Alƙur'ani ta sauka da sunan jayayyar da ta yi. Hindu matar Abu Sufyan ta je ta faɗi ƙwauron mijinta, ba a ce ta yi giba ba, aka ba ta hukunci. Malamai irin su Imam Nawawi da wannan suka kafa hujja cewa faɗin aibin mutum don neman fatawa ko neman a kawar da zalunci ya halatta. Amma ku duba wurin wa suka je. Sun je wurin wanda zai iya warware matsalar ne, ba su tsaya a tsakiyar kasuwa ba.

Wannan ya kawo mu kan likita, inda mai wasiƙarmu ta ja tunga. 'Yar'uwa, ba mai yawo tsirara a titi kaɗai ke ganin likitan ƙwaƙwalwa ba, kamar yadda ba wanda ƙafarsa ta ruɓe kaɗai ke zuwa asibiti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu tana fama da irin wannan larura, galibi ciwon damuwa. Ki ƙirga matan da kuka zauna da su a layin rigakafin jarirai. Ba rashin godiya ba ne, ba raunin imani ba ne, ba kuwa lalle sai maigida ya yi wani laifi ba. Jikin mace yana sauyawa ƙwarai bayan haihuwa, ga rashin barci, ga jinin da aka zubar. Wani lokaci ma ƙarancin jini ne ko ciwon maƙoƙo ke kawo kasala da faɗuwar gaba, abin da gwajin jini kaɗai zai nuna. Littafin rubutu ba zai gano wannan ba, jama'ar waya ma haka.

Da yawa suna tsoro ne don ba su san abin da ake yi a ɗakin ba. Zama ake yi a yi magana. Likita, ko masanin halayyar ɗan Adam, ko nas da aka horar, zai tambaye ki yaushe abin ya fara, yaya barci, yaya cin abinci, me kike gaya wa kanki in kin farka tsakar dare. In kin ce ke muguwar uwa ce, sai ya ce kawo shaida, wa ya yi wa yaron wanka yau, wa ya shayar da shi. A hankali a raba abin da ya faru da abin da zuciya ta ƙara. A ba ki ɗan aikin da za ki yi kafin zama na gaba, sau da yawa ma rubutu ne, watau littafin naki ba a ce ki jefar ba. In abin ya yi nauyi a haɗa da magani, akwai kuwa waɗanda mai shayarwa za ta iya sha bisa umarnin likita. Kuma aikinsa ya ɗaure shi da riƙe sirri, ba ya fitar da maganarki sai in ya ga rai na cikin haɗari.

Masu cewa wannan al'adar Turawa ce su sani wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta zuciya, inda ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana bukatar magani. Mu kuma mata muna da abin koyi a wurin Nana Khadija. Ranar da Manzon Allah ya dawo daga kogon Hira jikinsa na rawa, ta lulluɓe shi, ta saurare shi har ya gama, ta kwantar masa da hankali, sa'an nan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, wanda yake da sanin abin. Ba ta tsaya a lallashi kaɗai ba. Addu'a da azkar ba wanda ya ce a bari, mai zazzaɓi ma yana addu'a yana shan magani.

Sai dai kada mu yaudari kanmu, faɗin a je asibiti ya fi zuwan sauƙi. A 2022 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta koka cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma wasu na ta ficewa waje. Asibitocin wannan fanni a Arewa ana iya ƙirga su da yatsu: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, Dawanau a Kano, sai sassan da ke asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Matar ƙauye ina ta ga kuɗin mota, ina ta ga izinin maigida, wa zai riƙe mata yara? In ta je ma wataƙila namiji za ta tarar, ga layi har waje, ba lalle a sami lokacin doguwar magana ba. Uwa kuma tana tsoron a ga 'yarta budurwa a ƙofar irin wannan asibiti maneman aure su gudu. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa mata suke komawa ga abin da ke hannunsu. Wasu ma sun koma ga abin da ya fi muni. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu shan miyagun ƙwayoyi ɗaya mace ce, kuma a shekarar ne Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin. Duk wadda ke zaune a garuruwanmu ta san ba 'yan iska kaɗai ke sha ba, har da matan aure a cikin ɗakunansu, masu neman abin da zai sa su barci su manta.

A watan Janairu 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Madalla. Amma doka a takarda ba ta saurari kowa ba. Abin da muke ganin zai yi mana aiki ba sai an jira likitoci sun yawaita ba, an riga an gwada shi a Afirka. A ƙasar Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya fara wani shiri a 2006 a birnin Harare da tsofaffin mata 14. Aka koya musu yadda ake saurare ba tare da yanke hukunci ba, da yadda ake taimaka wa mutum ya zaɓi matsala ɗaya ya nemi hanyarta, da alamomin da in sun gani za su miƙa shi ga likita. Aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna da kaka har sau shida. A wani gwaji a kan mutum 573 da aka buga sakamakonsa a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon, alhali a ɗaya rukunin kusan rabi ne. A nan gida ma Dokta Adeoye Lambo tun 1954 ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa ana iya jinyar masu wannan larura a cikin ƙauye tare da danginsu, ba sai an kulle su ba.

Mu da muke da gwaggo da inna da ungozoma da malaman Islamiyya mata a kowace unguwa, me zai hana? Muna kira ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu, da ƙungiyoyi irin su FOMWAN da Jam'iyyar Matan Arewa, su zaɓi dattijai mata masu riƙon amana a horar da su, a ba su wuri a asibitocin awon ciki da rigakafi, inda mace ke zuwa da ma ba wanda zai tambaye ta me ya kai ta. Sharaɗi na farko shi ne kame baki, wadda aka ji maganar wata a bakinta a sallame ta ran nan. Makarantun 'yan mata kuma kowacce ta sami malama guda da aka ware don wannan, ba wadda ke riƙe da bulala ba. Ku kuma iyayen gida maza, mun san kuna leƙa filin nan, in matarka ta ce ba ta jin daɗin ranta kada ka ɗauka ƙararka take yi. Kai ta.

Ke kuma mai wasiƙa, ga amsarmu. Kada ki watsa. Littafinki ki ci gaba da shi, ki adana shi inda hannu ba ya kaiwa. Amma abin da kika kwatanta ya wuce mako biyu nesa ba kusa ba, ya taɓa barcinki da cinki da tsakaninki da jaririnki, saboda haka ya wuce aikin takarda. Ranar da za ki kai yaron rigakafi, ki tsaya bayan an gama ki ce wa nas ko ungozoma kina son ganin likita a kan kanki, ki faɗa masa yadda kika faɗa mana, in bakinki ya yi nauyi ki miƙa masa shafi ɗaya ya karanta. In ba a saurare ki a nan ba ki nemi babban asibiti. Ki sami mutum ɗaya a dangi, yaya ko gwaggo, wadda za ta raka ki ta kuma yi wa maigida bayani. In kuwa har zuciyarki ta taɓa raya miki ki cutar da kanki ko yaron, kada ki jira ranar rigakafi, yau ɗin nan ki faɗa wa wani babba a tafi asibiti.

In kin je kin dawo ki rubuto mana yadda aka yi. Wannan ma ba za mu buga ba sai kin ce a buga.